Na Wanke Kwabban Malam

Asabar, da hantsi

'Yata Auta ce ta ce in riƙa rubutu, wai zai rage mini surutun da nake yi ni kaɗai a kicin. To ga shi ina yi. Na share gida, na goge murhu, na wanke labulen falo duk da makon jiya na wanke shi. Malam, mijina, yana asibiti tun ranar Talata. Abin da ya faru ranar Talatar ba zan rubuta ba. Na gani da idona, ya ishe ni.

Gadonsa yana kusa da taga a ɗakin maza, hawa na biyu. Yana buɗe ido, yana shan shayi in an ba shi a cokali, hannun hagu yana motsi. Magana tana zuwa tana yankewa kamar famfon unguwarmu. Jiya na gyara masa matashi, sai ya dube ni ya ce, "Na gode, baiwar Allah."

Baiwar Allah. Shekara arba'in da 'yan kai ina wanke wa mutumin nan safa.

Lahadi, bayan azahar

Akwai wata nas doguwa mai fara'a. Likita ya sa ta, kullum da safe in ta gama auna shi sai ta nuna ni ta ce, "Baba, wace ce wannan?" Shi kuma sai ya yi mini murmushin nan da ya saba yi wa fasinja lokacin da yake sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. Na san murmushin, na baƙi ne, ni a da bai taɓa yi mini shi ba. Yau ya ce, "Ai mutuniyar kirki ce."

Nas ta ce, "Mama, kin ji, yabonki yake." Na ce na ji. Da yana cikin hankalinsa ko da bulala ba zai ce mini mutuniyar kirki ba. Sarkin Tsabta yake kirana, kuma ba yabo ba ne.

Auta ma bai gane ta ba, amma ita yana ce mata "yarinya" yana riƙe mata hannu. Ni sai godiya. Ina so ya daina gode mini.

Litinin, da safe

Bai gane ni ba.

Talata, bayan la'asar

Likita ya kira mu ofishinsa, ni da Auta. Ya yi magana mai tsawo yana juya biro. Yawancinta na bar ta can a ofishin. Abu ɗaya na ɗauko: ya ce mu riƙa kawo masa abubuwan da ya sani sosai, wani lokaci abu ɗaya kan jawo sauran. Ya ce makonnin farko su ne abin dubawa. Bai faɗi abin da ke biyo bayansu ba, ni ma ban tambaya ba.

Auta ta zauna a matakala ta yi kukanta. Na tsaya a kanta ina kallon bangon, ina tunanin rabon da a wanke shi.

Alhamis, da yamma

Mun kai rediyonsa, bai kula ba. Mun kai tsohuwar hularsa ta aiki, ya miƙa wa mai gadon kusa da shi. Mun kai hotonmu muna sabon aure, ya daɗe yana kallo har zuciyata ta fara bugawa, sai ya ce, "Wannan mutumin akwai kunne."

Na yi dariya, sai dariyar ta ƙi tsayawa, sai da Auta ta fitar da ni baranda.

A mota ta ce, "Mama, kwabbansa fa?"

Na yi kamar ban ji ba.

Juma'a, da hantsi

To bari in rubuta zancen kwabban nan, tunda shi ya hana ni sukuni.

Malam yana tara tsofaffin kwabbai na jan ƙarfe, waɗanda aka buga a shekarun farko bayan samun 'yancin kai, su kaɗai. Yana yaro aka fito da su. Ya sha ba ni labarin ranar da babansa ya dawo da sabon kwabo ya ɗora masa a tafin hannu ya ce, duba da kyau, babu fuskar baƙo a kai, namu ne. Da ya girma ya zauna a tagar tikiti, duk wanda ya biyo ta hannunsa sai ya musanya da na aljihunsa ya kawo gida. Da aka daina karɓarsu sai ya koma bin 'yan gwangwan da masu tsofaffin kaya. Ya taɓa yin tafiyar yini guda a mota saboda kwabo ɗaya da aka ce injin ya buga masa shekara sau biyu. Ranar Auta tana zazzaɓi.

Suna cikin wani akwatin katako mai faifai-faifai a ƙaramin ɗaki, kowane kwabo da raminsa da aka shimfiɗa wa ƙyalle. Duk Asabar abokinsa Akawu zai zo, su rufe ƙofa, su ɗauki gilashin ƙara girma su yi ta gardama kamar masu raba gado. Ni nawa in kai shayi in ajiye a bakin ƙofa. Tun muna da ƙuruciya magana ɗaya ce: "Kar ki taɓa." Bai taɓa cewa don me ba. Ni ma ban tambaya ba, don kada ya ɗauka abin ya dame ni. Nakan dai ce masa ranar da kwabo ya dafa masa abinci ya kira ni in gani.

Yau na ɗauko makullin a cikin takalminsa na fita, inda yake zaton ban sani ba. Na buɗe.

Innalillahi. Wannan ne abin da ake rufe mini ƙofa a kai? Wasu baƙi ƙirin, wasu kalar ƙasa, wasu har kore-kore ya fito musu a gefe. Ban yi mamaki ba, mutumin da bai taɓa ɗauraye kofin shayinsa ba. Amma asibitin da ba a barin ka shiga sai ka wanke hannu a bakin ƙofa, da wane ido zan ɗora wannan dauɗar a kan farin zanen gado? Ga idonsa ya yi rauni, me zai gani a jikin baƙin abu?

Asabar, bayan magariba

Yau na ji daɗin raina, karo na farko tun ranar Talatar can.

Na shimfiɗa tabarma a bayan kicin, na kawo lemun tsami da toka da soson ƙarfe. Faifai ɗaya-ɗaya nake ɗaukowa, in na gama kwabo in mayar da shi raminsa kafin in taɓa na gaba, don kada ya ce na hargitsa masa. Wasu da an murza sai su saki. Wasu masu taurin kai kamar mai su, sai da na jiƙa su. Ashe akwai tsuntsu a jiki, da zangarniya a baya. Shekara da shekaru abin yana gidana ban sani ba.

Ina gogewa ina yi masa magana. Na ce ka ga, Malam, da ka bari tun tuni ai da an wuce wurin. Yatsuna sun tsattsage, lemun yana shiga yana zafi, ban damu ba. Na ji kamar yau ce aka buɗe mini ƙofar ƙaramin ɗakin aka ce shigo.

Lahadi, da yamma

Na gama duka, ko ɗaya ban bari ba. Suna ƙyalli kamar gindin sabuwar tukunya. Gobe Akawu zai zo ya raka ni asibiti, zan ba shi mamaki.

Litinin, bayan azahar

Ba mu kai su ba.

Litinin, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zai fita daga kaina.

Akawu ya zo da sandarsa, muka gaisa, ya tambayi mai jiki. Na ce masa, zo ka ga abin da ku maza kuka kasa. Na jawo faifan farko a gabansa.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya jawo faifai na biyu da kansa, da na uku. Sai ya nemi kujera ya zauna.

Ya ce, "Uwargida, da me?"

Na ce, "Lemun tsami da toka. Sai ɗan soso."

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Ka san aikina."

Ya sake duban faifan. Sannan ya ce, "Baƙin nan da kika cire ba dauɗa ba ce. Fatar kwabo ce. Shekaru ke yin ta, da hannun mutane, da inda ya kwanta. Kowanne da tasa. Shi da ita yake gane su, kamar yadda kike gane 'ya'yanki." Ya nuna wani rami ya ce na nan Tsohon Soja suke ce masa, don ya fi kowa duhu. Na kusa da shi Mai Kunya, rabin fuskarsa a rufe. Na dubi Tsohon Soja, na dubi Mai Kunya. Duk ɗaya suke, jajaye, da zane-zanen sosona a jiki.

Na ce, "To ai sai su sake baƙi."

Ya ce, "Za su sake. Ba a zamaninmu ba."

Na yi masa faɗa, Allah ya sani. Na ce ku biyu kun shekara arba'in kuna shan shayina, bakin ɗayanku bai taɓa buɗewa ya ce ga dalili ba? Ya ce, "Mun ɗauka ba ki so ki ji." Na tashi na ɗora ruwan zafi.

Talata, da asuba

Garin neman gira na rasa ido.

Laraba, da hantsi

Na binne kwabbai biyar a ƙasar tukunyar furanni ko baƙin zai dawo. Na riƙe wasu a kan hayaƙi da cokali mai yatsu. Na shafa wa wasu mai na shanya a rana. Na hayaƙin sun yi baƙi, na yi murna, ina sa yatsa baƙin ya biyo ni. Na man sun yi dabbare-dabbare. Sai na sake wanke su, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Auta ta tambayi kwabban. Na ce makullin ne ban gani ba. Ta ce a kira kafinta ya ɓalle. Na ce babanki zai kashe mu. Ta dube ni ta ce, "Mama, ina ma."

Alhamis, da safe

"Baba, wace ce wannan?" Ya ce mai kawo shayi.

Juma'a, bayan la'asar

Akawu ya dawo da faifai ɗaya a naɗe cikin tawul. Nasa ne, na shekarun nan dai, da fatarsu. Ya ce, "Kai masa waɗannan. A halin da yake ciki ba lallai ya bambance ba, in dai ya ga irinsu wataƙila wani abu ya motsa." Na ga abin da wuya ya rabu da su, sai da ya nuna mini yadda ake riƙewa ta gefe har sau uku. Na ce na ji, ba yau na fara riƙe kwabo ba.

Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa nasa ne. Mutumin kirki ne, duk tsiyar da na yi ta yi masa a bayan ido Allah ya yafe mini.

Asabar, bayan azahar

Na kai. Auta tana wurin, da doguwar nas.

Ina buɗe tawul ɗin, Malam ya yunƙura zai tashi zaune, abin da bai yi da kansa ba tun da muka zo. Ya goge hannun hagunsa a jikin zanen gado, ya goge, ya sake gogewa, sannan ya ɗauki ɗaya ta gefe da yatsa biyu. Ya karkata shi wajen taga. Fuskar nan da ta zama kamar ta baƙo ta dawo tasa, har da tsuke bakin da yake yi. Auta ta damƙe mini hannu.

Ya duba na biyu, ya duba na uku. Sai ya yi ɗan tsaki ya ce, "Na Akawu ne." Sarai, ba in-ina. Ya nuna ɗaya ya ce, "Wannan na ce masa kar ya saya."

Nas ta ruga kiran Likita. Auta tana dariya tana hawaye, ba ta ma tsaya tambayar yadda aka yi na Akawu suka zo hannuna ba. Ni ina tsaye da tawul. Ya gane kwabon Akawu, ya tuna gardamar da suka yi a kansa. Nas ta dawo da sauri ta nuna ni ta yi tambayarta, wai a bugi ƙarfe da zafinsa. Ya yi mini murmushin tasha. Sannan ya ce, "Baiwar Allah, ina nawa?"

Lahadi, da yamma

Ina nawa. Tun safe.

Litinin, da yamma

Ina nawa. Ya tambayi nas, ya tambayi mai shara, ya tambayi mai gadon kusa da shi. Ya ture shayi. Likita murna yake, ya ce wannan ce ƙofar da muke nema, a kawo su gobe-gobe, kada a bari ta rufe. Na ce to.

Na dawo gida na wanke banɗaki. Na wanke tagogi. Ƙaramin ɗakin ban shiga ba.

Talata, bayan azahar

Yau ma bai ci komai ba. An sa masa ƙarin ruwa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Auta ta zo da kafinta ba ta faɗa mini ba. Na sallame shi a bakin ƙofa, na ɗauko makullin a ɗaurin zanena na ba ta. Ta buɗe, ta duba. Ita ta sani, ashe tana ƙarama yakan ɗora ta a cinya ya nuna mata. Ni kaɗai ce a gidan nan ban sani ba.

Ta ce, "Mama."

Na ce, "Faɗi abin da ke bakinki."

Ta ce, "Ba abin da ke bakina." Ta zauna a ƙasa ta jingina da akwatin. Can ta ce, "Mu ce masa an sace."

Na ce in aka ce an sace zai ci gaba da nema, kuma ba zai ci abinci ba. Ta ce in ya gan su haka fa? Na ce ban sani ba. Ta ce wataƙila ba zai gane nasa ba ne, ya ɗauka wasu ne. Na ce wannan ai shi ya fi muni, ƙofar ta rufe ke nan, kuma ni na rufe ta.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tsoro nake ji. Ban san wanne na fi tsoro ba.

Laraba, bayan la'asar

Ni na ɗauka da hannuna. Auta ta ce ta riƙe mini, na ce a'a. Faifan farko na kai, na su Tsohon Soja. A matakala sai da na huta sau biyu.

Yana ganin katakon ya gane shi tun kafin in buɗe. Ya miƙo hannu. Na ɗora masa a cinya, na janye ƙyallen.

Rana tana shigowa ta tagar, suka ɗauki ido. Ya runtse. Ya goge hannunsa a zanen gado kamar rannan, ya ɗauki na ramin farko ta gefe, ya karkata, ya juya bayansa. Ya mayar. Ya ɗauki na biyu. Haka ya bi layin nan ɗaya bayan ɗaya, ba ya sauri, ɗakin ya yi tsit har mai gadon kusa ya kashe rediyo. Da ya kai ƙarshen layi sai ya sa babban yatsa ya shafa fuskar kwabon, abin da Akawu ya ce ba a yi. Ya kai yatsan hancinsa.

Sannan ya ɗago ya dube ni. Ba murmushi. Kallon da yake yi mini in na jefar masa da tsohuwar jarida, ko na wanke rigar da ya bar takarda a aljihunta. Kallon gidanmu. Na kama ƙarfen gadon.

Doguwar nas ba ta san komai ba, ita dai ta ga ya kafe ni da ido. Ta matso da fara'arta ta ce, "Baba, wace ce wannan?"

Ya ce, "Matata ce."

Nas ta tafa hannu. Auta ta rufe baki. Wani daga can ƙarshen ɗaki ya ce alhamdulillahi.

Hawaye yana bin gefen fuskarsa da ba ya motsi. Ya ce, "Ba mai wannan aikin sai ita." Ya ja numfashi. "Ku fitar da ita."

Na fita da ƙafata, ba wanda ya taɓa ni.

Alhamis, da hantsi

Ya ci abinci, in ji Auta. Ya kira ta da sunanta, ya tambayi Akawu. Likita ya same ni a baranda ya ce, "Mama, barka, addu'arki ta karɓu." Na ce masa na gode.

Asabar, da safe

Ina kan benci a baranda, Auta ce ke shiga da kwanon abinci. Ɗazu na leƙa ta ƙofa. Ya gan ni, ya juya fuskarsa bango. Yau ma ya gane ni.